Kasuwa Shidan Inna

Na sha jin ku, musamman idan an taru da Sallah, kuna ba 'ya'yanku labarin Inna, kuna cewa a Mahuta ta fara rikicewa, shi ya sa muka ɗauko ta zuwa Funtua. Ban taɓa gyara muku ba. Nakan sunkuyar da kai in ci gaba da cin tuwona, don daga bakina kuka ɗauki wannan magana. Da rubutun tarihin rayuwata da nake yi ya kawo ni kan wannan shekara, kwana uku na yi ina kewaye ta, in rubuta labarin taki, in rubuta labarin wani babur da na taɓa saya, duk don kada in shiga. To ga shi na shigo. Abin da zai ba ku dariya shi ne, duk maganar a kan 'yar kyanwa ce wadda ba ta cika tafin hannuna ba.

Shekarar da na yi ritaya ce daga aikin malamin gona. Na ƙarar da ƙuruciyata tsakanin Malumfashi da Bakori da Matazu ina gaya wa manoma kwana nawa bayan shuka ake zuba taki, kwana nawa ake yin feshi. Sai na zama mutumin kalanda. Idan ka ce mini abu ya faru "kwanakin baya," raina ɓaci yake yi, sai ka faɗa mini rana. Mahaifiyarku takan ce da kalanda mace ce da tuni na kai kuɗin aurenta. Inna kuwa tana Mahuta a ɗakin da Baba ya bar ta, ta tsufa sosai amma da ƙafarta take zuwa rijiya, tana da rumbunta, tana da awakinta huɗu. Ƙanwata Binta, wadda ke aure a Bakori, ita ta matsa mini a kan mu ɗauko ta. Wai ta je ta tarar Inna ta zuba gishiri sau biyu a miya, wai ta kira jikanta da sunan wani ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Ni ma ina so ta dawo kusa, ba zan yi muku ƙarya ba, zirga-zirgar Mahuta ta fara gundurata. Da muka je mata da maganar mu biyu, ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce:

"Na ji ku. Ranar da kuka ga na fara rikicewa, ku ɗauke ni, ba zan yi musu ba. Kafin wannan rana ku bar ni a ɗakina."

Muka amsa da to. Ita ta ɗauka ta kashe magana ke nan. Mu kuwa tun daga ranar muka koma masu gadi, kowa ya zuba ido yana jiran ya kama ta da kuskure.

Da farkon damina, wata Laraba da yamma, ta kira ni a 'yar wayarta.

"Malam, ka zo gobe da wuri. Akwai marar lafiya."

Malam take ce mini, don ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Na tambayi wane ne ba lafiya, ta riga ta kashe wayar. Washegari da sassafe na hau motar haya. Na tarar da ita lafiya lau tana zaune a kan tabarma, ga ƙwarya a gabanta an shimfiɗa tsohon zane a ciki. Na leƙa, sai ga 'yar kyanwa, baƙa da fari, idonta duk kwantsa, tana wani siririn kuka kamar na ɗan tsako.

"Inna, wannan ce marar lafiyar?"

"Ita ce. Sunanta Larai."

Uwarta ce ta yi shekaru tana tsare wa Inna rumbu daga ɓeraye. Ta haihu a ƙarƙashin rumbun, 'ya'ya huɗu, sai ta ci ɓeran da ya ci guba a maƙwabta, ta mutu. Ukun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta rage, Inna tana tatso nonon akuya tana ɗiga mata da auduga. Yanzu ido ya kama ciwo, ga zawo. Inna ta ce in kai ta wurin likitan dabbobi na Funtua, uwarta ta yi mata hidima, ba za ta bar amana ta mutu a hannunta tana kallo ba. Na so in ce mata ni tsohon ma'aikaci ne, mutane sun san ni, ba zan shiga mota da kyanwa a kwali ba. Da na ga yadda take shafa mata kai da ɗan yatsa, sai na haɗiye maganar. Na ciro biro, saboda hali, na ce dole likita zai tambayi kwananta nawa a duniya.

"Kasuwa shida ke nan jiya," in ji Inna, ko tunani ba ta tsaya yi ba. "Ranar kasuwa aka haife ta."

Na rubuta a jikin kwalin, sati shida. Na daɗe zaune a Funtua, kasuwa kuwa a wurinmu daga Litinin sai Litinin. Ban ji wani abu ya yi mini ƙaiƙayi a rai ba.

Asibitin dabbobi ranar cike yake. Wani da bijimi mai ciwon kofato, wani da raguna a bayan a-kori-kura, wata mata da kaji cikin kwando. Ni kuma na tsaya a layi da kwalin taliya mai huji-huji, yana kuka. Wani Bafulatani ya leƙa, ya dube ni, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya juya baya kafaɗarsa tana rawa. Likitar da na samu ana ce mata Dakta Folake, 'yar Yarabawan da aka haifa a nan Funtua, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta wanke hannu, ta ɗauko Larai a hankali, ta karanta abin da na rubuta a kwalin, ta ɗan yamutsa fuska.

"Baba, wa ya ce muku sati shida?"

"Mahaifiyata. A gabanta aka haife ta."

"To bari mu tambayi mai jikin."

Ta ɗaga mata leɓe ta ce in matso. Ta nuna mini 'yan haƙoran gaba, ƙanana kamar tsakin shinkafa, ta nuna inda fiƙa ta fara huda dasashi, sannan ta shafa can ciki ta ce in duba, babu turmi ko ɗaya. Ta ce da ta kai sati shida da turamen sun fito, da tana guje-guje tana kai wa igiya hari. Ta ajiye ta a kan tebur, Larai ta yi taku uku tana tangaɗi ta zube. Ta nuna mini kunnuwan da yanzu suka fara miƙewa, da idon da har yanzu shuɗi ne, ta ɗora ta a sikeli. Ni da na yi shekaru ina buɗe bakin awaki ina faɗa wa masu su shekarunsu, na tsaya kamar ɗan aji ɗaya.

"Sati uku, Baba. In ta wuce, da kwana ɗaya ko biyu ne. Kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Da na bi abin da kuka rubuta, da na ce ku fara ba ta abinci ku rage nono, da na yi mata allurar da jikinta bai isa ɗauka ba."

Ta ce nonon akuyar da Inna take ba ta shi ya riƙe ta zuwa yanzu, kada a kuskura a ba ta na shanu, zawon zai ƙaru. Ta ba ni wani garin madara da ƙaramin sirinji, ta ce kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, kuma tana kife a kan cikinta, ba a rigingine kamar jariri ba. A riƙa ɗumama mata wurin kwana. Bayan kowane ci a shafa mata ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi, don a da uwarta ce ke lasar ta kafin ta iya fitsari. Ta ɗiga mata maganin ido, ta ba ta na tsutsar ciki ɗan mitsitsi, ta ce a dawo bayan sati biyu a ƙara. Allurar rigakafi sai ta cika sati takwas, a sake bayan wasu makonni, ta ciwon haukan kare kuma sai ta yi wata uku. Duk ta rubuta a kati da ranakunsu. Ina kallon katin nan ina jin daɗi, don abu ne da na iya karantawa. Amma can ƙasan raina wani abu daban nake juyawa, wanda bai shafi kyanwa ba. Inna ta ce shida, ga shi uku ne.

Kafin la'asar na koma Mahuta. A nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni. Na ga Inna ba ta lissafi da sati, sai na ce bari in sauƙaƙa mata, in mayar mata da maganar likita cikin harshenta.

"Inna, likita ta duba ta ko'ina. Ta ce kasuwa uku ne, ba shida ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar.

"Kasuwa uku? Malam, kyanwar kasuwa uku ai ko ido ba ta gama buɗewa ba. Dubi idonta."

"Na ga idon, Inna. Likita ma ta gani. Har haƙori ta ƙirga."

"Haƙori a kasuwa uku? Wace irin likita ce wannan?"

"Wadda ta yi karatun abin ce, Inna."

Ta fara ƙirgawa da yatsu. Ta ce kasuwar farko aka kawo mata gishiri, ta biyu uwar ta mutu, ta uku aka yi ruwan nan mai iska. Ta kai shida daidai, ta ɗago ta dube ni. Na girgiza kai. Ta sake farawa, a ta huɗu ta tsaya, ta koma baya, ta ce a'a, gishirin kafin ruwan ne ko bayansa? Ni ma kaina ya ɗaure. Tsohuwar da ke iya faɗa maka ranar da kowace akuyarta ta yi barbara, yaya za a yi ta ninka kwanaki har biyu? Ga kuma maganarta ta ido, wadda ta ci karo da abin da nake gani ƙuru-ƙuru. Na rasa inda zan kama. Sai na kama wanda ya fi mini sauƙi, na fita ƙofar gida na kira Binta.

"Yaya, ai na gaya maka," ta ce. "Yau kyanwa ce, gobe wuta za ta bari a murhu."

Ban ce wa Inna ta rikice ba, ban iya ba. Na bi ta wata hanya. Na nuna mata katin, na ce ga ranaku nan a jere, Larai tana bukatar likita kusa, hanya ba kyau da damina, ta zo Funtua ta zauna har a gama allurai. Ta daɗe tana kallon katin da ba ta iya karantawa ba. Ta san abin da nake nufi, na san ta sani.

"Alkawari na yi muku," ta ce. "Tunda kun ce ranar ta zo, to."

Ranar Juma'a aka zo da mota. Ta ba ɗan wan Baba makullin rumbu, aka raba awakin a dangi. Ƙwaryar Larai ce kaɗai ba ta bari kowa ya riƙe mata ba har muka iso.

Kun san sauran, don wasunku suna gida lokacin. Larai ta warke, ta yi ƙiba, ta fara hawa labule. Na kai ta duk ranar da kati ya ce, ban saɓa ko sau ɗaya ba, har Dakta Folake tana ce mini ba ta da abokin hulɗa mai cika alkawari kamata. Inna kuwa ta yi shiru. Mun ba ta ɗaki mai fanka da katifa, mahaifiyarku ba ta rage ta da komai ba. Amma a Funtua babu motocin hatsi da ke wucewa ta bayan ɗaki, babu maƙwabciya mai shigowa ta ce za ni kasuwa, me za a sayo miki. Kwanaki suka zama iri ɗaya. Ta fara tambayar mahaifiyarku kowace safiya wace rana ce yau. Daga baya ta ce a riƙa zama kusa da ita idan tana salla, a ƙirga mata raka'a, wai ba ta yarda da kanta ba. Duk lokacin da na ji haka nakan ce wa kaina, ka gani, Allah ya sa mun ɗauko ta da wuri. Wani lokacin kuma in tuna da yadda ta ƙirga shidan nan tsaf a karon farko, sai in rasa abin da ke damuna, in ɗauki rediyo in fita waje.

Ana tsakiyar marka Goggo Lantana ta zo. Ƙawar Inna ce tun suna amare, katangarsu ɗaya a Mahuta. Ta kawo mata daddawa da kuka a ƙulle cikin leda. Ina tsakar gida ina gyara katin Larai da ya jiƙe, ina jin su suna gaisawa.

"Ke kuwa kin yi wuyar gani," in ji Goggo Lantana. "Rabona da ke kasuwa ashirin cur."

Na dubi katin hannuna. Sati goma da zuwan Inna. Halin nawa ya motsa, na ɗaga murya daga inda nake.

"Goggo, kasuwa goma dai."

"Goma ina, Malam? Kasuwarmu ta Dandume ba Laraba da Asabar take ci ba? Ko boko ya cinye maka har ranakun kasuwar garinku?"

Ban san lokacin da katin ya faɗi ƙasa ba. Laraba da Asabar. Kasuwa biyu a sati. Shida, sati uku ke nan, ba ƙari ba ragi, ga kyanwa ma sunanta Larai saboda ranar da aka haife ta. Da na ce wa Inna kasuwa uku, kwana goma na gaya mata, kuma gaskiyarta, kyanwar kwana goma ba ta gama buɗe ido ba. Ita da likita bakinsu ɗaya tun farko. Ni ne na tsaya a tsakani na ninka wa wannan, na raba wa waccan. Kada ku ce ban sani ba ne. Na sani. Ina yaro na sha bin Baba kasuwar nan, ina aiki na sha zuwa duba farashin masara a duka ranakun biyu. Tambaya ɗaya ce da na yi ta da an wuce wurin, kuma ban yi ba, saboda amsar da na samu ta yi mini daidai da abin da nake nema.

Goggo Lantana ta ci gaba da hirarta, ba ta san abin da ta yi ba. A cikin hirar ne na ji cewa ruwan makon jiya ya kayar da bangon ɗakin Inna na gabas, rufin ya zauna a kan gado, tunda ba kowa ciki balle a lura da tsagewar. Inna ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Da baƙuwar ta tafi bayan azahar, na shiga ɗakin na durƙusa a gabanta. Rabon da in durƙusa haka tun ina saurayi. Larai tana kwance a kan ƙafarta. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce lissafinta daidai ne, kuskuren nawa ne, ba ta rikice ba ko kaɗan. Na ce da kaka zan tayar da ɗakin, in mayar da ita, in karɓo mata awakinta. Na roƙe ta gafara. Na zaci za ta yi faɗa, wallahi faɗan nake so, ko ta ce ai na gaya maka. Sai ta yi ta kallona, idonta yana yawo a fuskata kamar mai neman wani abu da ta ajiye.

"Shida ne?"

"Shida ne, Inna. Ke ce da gaskiya."

"Ka tabbata, Malam? Kada ka faɗa don ka faranta mini."

"Na tabbata. Goggo Lantana ma kin ji ta."

"Lantana ai tsohuwa ce kamata." Ta ɗaga yatsu za ta ƙirga, ta kai biyu, ta mayar da hannun cinya. "Ka je ka tambayi likitar tukuna."

Na ce ba sai an tambayi kowa ba, lissafi ne da yaro ma zai yi. Ta ce ita dai in je. Washegari na tafi asibitin dabbobi ba tare da dabba ba, na bi layi bayan masu shanu, na tsaya gaban Dakta Folake da furfurata na tambaye ta ko kasuwa shida, idan kasuwa tana ci sau biyu a sati, ya yi daidai da sati ukun da ta faɗa. Ta dube ni da mamaki ta ce ai shi ne, Mama ta fi sikelinta daidai, in gaishe ta da kyau.

Ɗakin na Mahuta na tayar da shi da kaka kamar yadda na ce, har na sa masa kwano sabo. Inna ba ta koma ba. Ta ce tana tsoron ta zauna ita kaɗai ta manta wani abu, ba wanda zai gaya mata. Shekara biyu ta ƙara a gidan nan, kuma a ƙarshe ta rikice da gaske, wannan kun gani da idonku. Amma ku daina cewa a Mahuta abin ya fara. A gidana ya fara, ni na koya mata shakkar kanta, kuma da na zo in cire mata ban iya ba.

Ranar da na dawo daga asibitin, na same ta a zaune bakin ƙofa tana jirana, ta yafa mayafi kamar mai jiran sakamakon shari'a. Na gaya mata abin da Dakta Folake ta ce, kalma da kalma. Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyaɗa kai.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Tunda likita ta faɗa."